Daga Akurki Zuwa Keji: Amfani da Ragar Waya Wajen Killace Dabbobi a Ƙasar Ɗanbatta

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayani a kan ragar waya, watau wayar ƙarfe wadda aka saƙa ko aka yi wa walda ta zama mai idanu kamar komar masunta, da yadda ake amfani da ita wajen killace kaji da tattabaru da zomaye da awaki a ƙasar Ɗanbatta. Killace dabba daɗaɗɗen abu ne a wannan ƙasa, kayan aikin ne kawai ya sake. Shi kuwa sabon kayan aikin akwai abin da ya iya, akwai kuma abin da bai iya ba, kuma rashin rarrabe waɗannan biyu shi ke sa mace ta sayar da akuyarta ta yi wa kajinta keji, kafin watanni uku kejin ya zame musu kushewa.

Dalilin ɗauri

Garin Ɗanbatta yana arewa da birnin Kano a kan hanyar Daura, kafin a kai Kazaure. Ƙasar tana cikin yankin nan da ya kewaye Kano wanda jama'a suka yi wa yawa, gona na jingine da gona, ba a barin fili ya huta. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin wannan yanki tun cikin shekarun 1960, ya nuna cewa abin da ya riƙe gonakin shekara da shekaru ba tare da sun mutu ba shi ne haɗa noma da kiwo: dabba ta ci harawa da karan gona, gona ta ci takin dabba.

A ƙasar da take haka ba a sakin dabba da damina. Da zarar shuka ta fito sai a yi shela a ɗaure dabbobi, kowace akuya da tunkiya ta koma turke a cikin gida, a riƙa yanko mata ciyawa har sai an kawar da amfanin gona. Wadda ta kwance ta yi ɓarna kuwa, maganar takan kai gaban mai unguwa ko dagaci, a kimanta abin da ta ci a biya, wani lokaci ma zumuncin shekaru ya ɓaci a kan kunyar wake guda. Jakin da za a bi burtali da shi ana sa masa takunkumi. Su kansu burtalan an shinge su da aguwa ko bini-da-zugu, itatuwan da dabba ba ta ci. Gida kuma ana kewaye shi da danga ta kara ko zana.

Da rani, a da, sai a saki kowa ya nemi abincinsa. Amma tun da aka yi madatsun ruwa a Jihar Kano, waɗanda aka faro zamanin mulkin Audu Baƙo (1967 zuwa 1975), ciki har da madatsar Tomas da ke ƙasar Ɗanbatta, noman rani ya yawaita. Sai ya zamana lokacin da dabbobi ke sake shi ne lokacin da tumatir da albasa ke tsaye kore shar a lambu. Mai lambu ya sari ƙaya ya yi shinge, baɗi ya sake saran wata, itatuwan ƙaya kuwa ba ƙaruwa suke yi ba. Ta wannan ƙofa ma waya ta sami shiga.

Kalmomin sana'ar

Ya kamata ɗalibin harshe ya lura da yadda kalmomin suka jeru. Akurki, da turke, da danga, da shinge, duk tsofaffin kalmomi ne, kowacce kuma tana ɗauke da sunan abin da aka yi ta da shi a cikin ma'anarta: ba a cewa akurki sai zuciya ta kawo ginin laka mai ƙaramar ƙofa da ake toshewa da dare. Keji kuwa aro ce daga Ingilishi, haka ma waya. Ita waya ta yi tafiya mai nisa a bakin Bahaushe, daga zaren ƙarfe ta koma saƙon da ake bugawa ta cikinsa, ta haifi gidan waya, har ta kai ga wadda ake sakawa a aljihu, wadda babu ko taƙin zaren ƙarfe a jikinta. Raga ce kaɗai 'yar gida a cikin sababbin, domin tun da can akwai ragar igiya da ake rataya ƙwarya ko a ɗaure kaya a cikinta. Da sabon abu ya zo mai idanu irin nata, sai aka ba shi sunanta aka jingina shi da waya.

Asalin ragar

A shekarar 1844 ne wani mai sayar da kayan ƙarfe a garin Norwich na Ingila, Charles Barnard, ya ƙera na'urar saƙa waya. Garin nasu garin masaƙa ne, saboda haka dabarar masaƙar tufafi ya ɗauko ya juya ta ga ƙarfe. Kafin wannan da 'yan shekaru, a 1837, wani injiniya a Faransa, Stanislas Sorel, ya yi rajistar hanyar tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya domin hana shi tsatsa. Wannan rufi na tutiya shi ne farin da ake gani a jikin sabuwar raga da kwanon rufi, kuma shi ne ran wayar. Ranar da ya goge, ranar tsatsa ta fara ci.

Abin mamaki, wani babban ciniki da wannan raga ta samu na korar zomaye ne. A 1859 aka saki 'yan zomaye a wata gona a kudancin Ostireliya domin farauta, suka hayayyafa har suka zama annoba. Tsakanin 1901 da 1907 gwamnatin yammacin ƙasar ta ja shingayen waya uku, tsawonsu duka ya haura kilomita 3,000, aka kuma binne gindin ragar a ƙasa saboda haƙa. Duk da haka zomayen sun ƙetare tun kafin a gama na farko. Wayar da aka ɓatar da dukiya a kanta don a hana zomo shiga can, ita ce ake saye da yadi a nan don a hana shi fita.

Ido da kauri

Iri uku ne aka fi samu a kasuwa, ko a Ɗanbatta ranar Lahadi ko wajen masu kayan gini a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari a Kano. Akwai ragar kaji, mai idanu masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, wadda wayarta siririya ce ana iya lanƙwasa ta da hannu. Akwai mai walda, wadda aka gitta wayoyinta aka liƙe kowace mahaɗa, idanunta murabba'i, tana tsayawa da kanta. Akwai kuma mai sarƙa, irin wadda ake kewaye makarantu da filayen wasa da ita. Wayar nan mai ƙaya ba ta cikin lissafi, don ba ta tare kaza, kuma abin da take yi wa hantsar akuya da fatarta ya isa ya hana mai hankali kai ta kusa da turke.

Abu biyu mai saye zai duba, girman ido da kaurin waya. Game da kauri akwai wani abu da ke rikita mutane: a lambar da masana'antu ke sawa, gwargwadon girman lamba gwargwadon sirantar waya. Mai lamba 22 ta fi mai lamba 16 siranta nesa ba kusa ba. Wanda ya ji babbar lamba ya zaci ƙarfi ya saya, ya sayi araha, araha kuwa ba ta ado.

Shi kuwa ido, ana zaɓensa ne da la'akari da abokin gaba. Mafi yawan masu kiwo sukan tambayi kansu ko kaza za ta iya fita ta wannan ido, alhali tambayar da ta fi ita ce me zai iya shiga. Ido mai inci 2 yana tsare babbar kaza, yana kuma tare shirwa da shaho idan an rufe sama. Amma ɗan tsako zai fice ta cikinsa, ɓera da jaba da maciji kuwa kamar an buɗe musu ƙofar zaure ne. Ido mai inci 1 ma bai hana ƙaramin ɓera. Wanda ke son 'yan tsaki su kwana lafiya sai ya nemi mai rabin inci, aƙalla daga ƙasa zuwa tsayin gwiwa. Muzuru da tunku kuwa ba sa bukatar shiga gaba ɗaya. Muzuru yakan zura hannu ta babban ido ya fizgi kan kazar da ta kwanta jikin raga, da safe a tarar da gawa a cikin kejin da ke kulle. Kare kuma yana iya yaga siririyar ragar kaji da haƙori. Gafiya ta ƙasa take zuwa, saboda haka kejin da ke zaune a ƙasa sai an binne gindin ragarsa kimanin ƙafa ɗaya, ko a ɗora shi a kan daɓen siminti. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a keji kuwa tsagar ba ta wuce wuri biyu: bakin ƙofa, da inda raga ta haɗu da katako aka yi rowar ƙusa.

Kaji da zabbi

A nan ne waya ta fi yin rana. Kazar gida takan yi ƙwai kimanin 40 zuwa 60 a shekara, ta kwanta kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Asarar ba a ƙwai take ba, a 'yan tsaki take. Kaza ta fito da goma sha biyu, mai ita ta riƙa ƙirga su kullum da magariba suna raguwa, shirwa ta ɗauki wannan, hankaka ya ɗauki wancan, wani ya faɗa kwata, ruwan sama ya doki saura. Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, to amma mai kazar ta fi ta tsoro, domin a yawancin gidaje kaji da awaki dukiyar mata ce, su ne asusun da ake taɓawa ran da yaro ya kwanta ciwo ko aka tashi haɗa kayan ɗakin 'ya. Ƙaramin keji marar gindi, mai rufin raga, wanda za a kifa a kan uwa da 'ya'yanta a riƙa matsar da shi cikin inuwa har su yi makonni shida zuwa takwas, ya fi kowane babban gini amfani ga mai ƙaramin ƙarfi. Da ma can akan kifa musu kwando. Bambancin shi ne raga tana barin haske da iska, kuma ana ganin abin da ke ciki ba sai an ɗaga ba. Haka ma 'ya'yan zabbi, waɗanda akan sa wa kaza ƙwansu da damina ta kwanta musu kwana 26 zuwa 28, su da raɓa da sanyin safiya ke kashewa idan suka bi uwar riƙonsu cikin ciyawa.

Akurkin laka yana da aibin da keji ba shi da shi. Duhu ne, ba iska, shararsa da wuya saboda ƙanƙantar ƙofa, kuma a cikin tsagogin bangonsa ne ƙuma da wata irin kaska mai laushin jiki ke ɓuya da rana su fito da dare su sha jinin kaji. Waya ba ta da maɓoya, sai dai katakon da aka kafa ta a kai. Amma fa akurki yana da falalar da ba a faye ambata ba: laka tana riƙe sanyi da rana, tana riƙe ɗumi da dare. Keji ba ya riƙe ko ɗaya.

Akwai kuma jerin kejin kajin ƙwai, irin na manyan gidajen gona, inda kaza ke tsaye a kan waya tun daga fara ƙwai har a sayar da ita. Kiwon kajin Turawa ya sami ƙarfi a ƙasar nan tun shirin ciyar da ƙasa na 1976, daga baya kuma cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta fitar da kazar ƙwai mai suna Shika Brown. Kejin yana sauƙaƙa tsince ƙwai da gane kazar da ta daina yi. Sai dai a Tarayyar Turai, inda doka ta ba kowace kaza fili murabba'in santimita 550 kacal, watau bai kai faɗin farar takardar buga rubutu ba, an hana irin wannan keji tun daga farkon 2012. Mai kaji ɗari ko ɗari biyu a ƙauye ya fi samun sauƙi da ɗaki mai gajeren bango, raga daga nan har rufi, a zuba ɓuntun shinkafa ko ɗiddigar katako a ƙasa.

Zomo, tattabara da akuya

Zomon da ake kiwo dabam yake da zomon dajin da ke cikin tatsuniya da karin magana. Na daji ba ya haƙa rami, na gida kuwa mahaƙi ne, yana kuma gwaguyar katako. Don haka kejinsa ɗagagge ne, katakon a waje, raga a ciki. Daɓensa shi ne abin lura. Ana son mai walda, ido rabin inci a inci ɗaya, waya mai kauri, don kashi ya zube ƙafa kuma kada ta zurma. Siririyar ragar kaji a daɓe tana yanka tafin ƙafarsa ya yi gyambo, 'ya'yan da aka haifa bayan cikin kimanin kwana 31 kuma su karye a manyan idanu. Ko da raga mai kyau ce, ya kamata a ajiye masa ɗan allo da zai riƙa hutawa a kai. Fitsarin zomo yana cin tutiya, kusurwar da ya zaɓa ita ke fara ruɓewa, saboda haka gwani yakan yi daɓen yadda za a iya cire shi a sake wani ba tare da an rushe kejin ba.

Tattabaru ba su da wuya. Samarin da ke kiwonsu sun daɗe da haɗa tsohuwar dabara da sabuwa: tukwane ko akwatuna don saka ƙwai, raga a gaba don kyanwa. Mai aku ne zai yi hattara, domin aku yana tauna waya, tutiya kuwa guba ce a cikinsa.

Akuya kuwa ba a yi ragar kaji dominta ba. Tana soshe jikinta da shinge, tana kafa ƙafafun gaba a kai, cikin mako guda raga ta yi ciki ta faɗi. Sai mai sarƙa ko mai walda mai kauri, tsayi kimanin ƙafa huɗu, da turaku kusa da kusa. Ido ma a nan yana da haɗari ta wata fuska: idan ya isa kai ya shige, ƙaho ba zai bari ya dawo ba, akuyar da ta maƙale da tsakar rana a watan Afrilu kuwa ba ta daɗewa. Kuɗin irin wannan shinge ya fi ƙarfin yawancin gidaje, shi ya sa turke da igiya ba su da niyyar tafiya ko'ina, har a wajen masu kiwon ragunan layya.

Abin da waya ba ta tarewa

Raga tana tare abin da ke da jiki. Rana da iska da cuta wucewa suke yi ta idanunta. A bazara zafi yakan haura digiri 40 a ƙasar Kano, kaza kuwa ba ta gumi, haki take yi da buɗe fukafukai. Kazar da ke sake takan bi inuwar rumbu, ta tona ƙasa mai sanyi a gindin randa ta kwanta. Wadda ke cikin keji mai rufin kwano a tsakar gida ba ta da inda za ta. Maganin abin ba tsada: a ajiye kejin ƙarƙashin darbejiya, ko a shimfiɗa zana ko kara a kan kwanon, dogon ɗaki kuma a miƙe shi daga gabas zuwa yamma don kada hantsi da la'asar su shiga ta gefe. Da hunturu sai a rufe ɓangaren arewa da gabas da buhu, da damina ma ta gabas hadari ya fi tasowa.

Cutar da ke share kajin ƙauye da hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira da sunan garin Newcastle, ba ta san shinge ba. Takan zo ne a jikin kazar da aka sayo ranar kasuwa aka jefa cikin sauran. Rigakafinta na samuwa, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin sa. Amfanin keji a nan shi ne ya zama ɗakin baƙo, a tsare sabuwar kaza ita kaɗai mako biyu kafin ta gauraya. Murar tsuntsaye kuma, wadda aka fara tabbatar da ita a Nijeriya a wata gona kusa da Jaji a Jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006, ta kuma sake ɓarna a Kano a 2015, tsuntsayen daji na cikin masu yaɗa ta. Raga mai ƙananan idanu da rufi mai kyau suna rage cuɗanya da su, amma ba sa hana cutar shigowa a takalmin dillali ko a kwandon ƙwai.

Sa'an nan ga babbar magana, watau ci da sha. Kazar gida kusan kyauta take rayuwa, tana tsintar tsaba a masussuka, da gara, da fara, da ɗanyen haki. Ran da aka rufe ta, duk wannan ya koma wuyan mai ita. Kazar ƙwai takan ci kimanin giram 110 zuwa 120 kullum, ta sha ruwa kusan ninki biyu na haka, fiye ma da zafi. Dusa kaɗai ba ta ƙosar da ita. Yawancin kejin da ake gani a yashe a bayan ɗaki, tsadar abinci ce ta kashe su tun waya ba ta yi tsatsa ba. Malamai kuma sun daɗe suna jan kunne da hadisin nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba.

Ribar da ake mantawa

Masu lissafin keji sukan tsaya a kan ƙwai da nama su manta da abin da ke zubowa ƙasa. Kashin kaji ya fi na shanu da na awaki ƙarfi, kazar da ke yawo kuwa a titi da bayan danga take zubar da shi. A ƙarƙashin ɗagaggen keji yana taruwa wuri ɗaya, a share a tara. Ɗanyensa yana ƙone shuka, saboda haka akan gauraya shi da shara da toka da ragowar abincin dabbobi a bar shi ya ruɓe, kamar yadda ake yi da takin turke. Na zomo ya fi sanyi, ana iya zuba shi a gindin shuka ba da jimawa ba. A ƙarshen rani, lokacin da jakuna da amalanke ke jigilar taki zuwa gonaki ana jibge shi tsibi tsibi kafin ruwan shuka, buhun kashin kaji abin sayarwa ne da kansa, masu lambun bakin Tomas kuwa ba sa jiran damina kafin su neme shi.